Sabon Dillali Ba Ya Saukar Da Baƙo

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 1990 zai iya tunawa da mutumin nan da kan kafa ɗan teburinsa a gindin bishiya, daura da gidan waya ko ƙofar kotu, ga tsohuwar tafireta a gabansa, ga kwalin ambulan a gefe. Shi dai ba ma'aikacin kowa ba ne. Mai son aika wa ɗansa wasiƙa a Kurmi ya zo ya zauna, mai neman aikin masinja ya zo, mai shigar da ƙara ya zo. A yi jinga, a buga takarda, a biya, kowa ya kama gabansa. Ranar da aka yi ciniki a ɗora tukunya da nama, ranar da ba a yi ba a jiƙa gari.

Wannan mutum bai ɓace ba, kama ya sake. Jikansa ne ake samu yau a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, zaune a bakin katifa da ƙarfe biyun dare, kwamfuta bisa cinya, yana fassara takardar wani kamfanin Amurka zuwa Hausa, ko yana zana tambarin wani kanti da ke Dubai, ko kuwa yana tsara manhajar da wani asibiti zai yi aiki da ita. Aikin har yanzu na jinga ne, babu albashi, babu ƙarin girma, babu fansho. Abu biyu ne suka sake: faɗin kasuwar da yake ci, da kuma irin wanda ke tsaye tsakaninsa da mai ba shi aikin.

Yadda aka share hanya

A ƙarshen shekarar 2000, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan ɗari. Cikin watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka, kowane lasisi a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin minti guda N50 ne, ko da mutum "salamu alaikum" kaɗai ya ce ya kashe, sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Intanet kuwa sai a shagunan kafe, inda ake sayen sa'a guda a ƙarar da rabinta wajen jiran shafi ya buɗe.

Al'amarin ya juya ne daga 2010, sa'ad da manyan igiyoyin sadarwa na ƙarƙashin teku guda biyu, MainOne da Glo-1, suka fara aiki tsakanin Legas da Turai, wasu kuma suka biyo bayansu, har da Equiano ta kamfanin Google a 2022. Kuɗin data ya sauko, wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano da takwarorinta. Daga nan intanet ta bar shago ta koma aljihu.

Dillalin da ba a gani

Yadda kasuwar jingar take ba shi da wuyar fahimta. Mai neman aiki zai buɗe shafi a wani dandali, ya sa hotonsa, ya faɗi abin da ya iya, ya nuna samfurin ayyukansa. Mai ba da aiki, ko daga ina yake a duniya, zai zaɓi wanda ya kwanta masa, ya ajiye kuɗin a hannun kamfanin da ke da dandalin. In an gama aiki an karɓa, kamfanin ya cire la'adarsa ya miƙa saura, sa'an nan mai ba da aikin ya yi wa ma'aikacin maki da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Waɗannan taurari su ne jarin ɗan jinga, domin da su dandalin ke yanke shawarar wanda zai sa a sahun gaba, da wanda zai tura can shafi na arba'in inda ba mai leƙawa.

Manyan dandalan biyu ne suka fi suna. Fiverr, wanda aka kafa a Isra'ila a 2010, yana ɗaukar kashi 20 cikin 100 na kuɗin kowane aiki, kuma yakan riƙe kuɗin sabon ma'aikaci kwana 14 kafin ya sake su. Upwork, wanda ya samu wannan suna a 2015 bayan haɗewar wasu kamfanoni biyu, Elance da oDesk, shi kuma sai mutum ya sayi wasu 'yan tikiti kafin ya miƙa takardar neman aiki, ko ya samu ko bai samu ba. In aikin na lissafin sa'a ne, akwai manhajar da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutarsa sau ɗaya cikin kowane minti goma, don mai ba da aiki ya tabbata ba barci yake yi ba. Ko a zamanin Razdan ba a taɓa sa wa akawu ido haka ba.

Dole a faɗi alherin wannan tsari, domin ba ƙarami ba ne. Yaron da ya tashi a Gusau ko Potiskum, ba shi da kawu a ma'aikata, ba shi da mai rubuta masa 'yar takarda zuwa ga Babban Sakatare, yana iya samun aiki saboda iyawarsa kurum. Ba a tambayarsa ɗan gidan wane ne, ba a tambayarsa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Kuma da yake kuɗin na hannun dandali tun kafin a fara, ya tsira daga irin "dawo gobe" da ta kashe wa masu sana'a da yawa zuciya a hannun 'yan kwangila.

To, amma Bahaushe ba baƙon dillanci ba ne, saboda haka yana da abin da zai gwada wannan sabon dillali da shi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da masu kora shanu zuwa Kudu, ba su isa wani gari su shiga kasuwa kai tsaye ba. Da ɗan gari akan ci gari. A zango akwai maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Wani masani Bature, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana wannan tsari a littafin da ya fitar a 1969. Maigida shi ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kuɗinsa, yaransa dillalai su nemo masu saye. Da yake bashi ake ba mahauta shanun, maigida shi ne mai lamuni: in mahauci ya gudu da kuɗi, nauyin yana wuyansa, in kuwa ya ƙi ɗauka, labari zai kai Arewa kafin jirgin ƙasa na gaba, ba wanda zai sake sauka gidansa. In rigima ta fi ƙarfinsu, ga Sarkin Hausawa a kusa. Wato la'adar da ake biya, kuɗin ɗaukar nauyi ce.

Sabon dillali ya gaji la'adar, ya gaji riƙon kuɗin, a nan kuma gadon ya tsaya. Ba ya saukar da kowa. In ɗan jinga ya kwanta ciwo mako biyu, ba mai leƙo shi, sai ma darajarsa ta faɗi saboda jinkirin amsa saƙo. Sunan da ya shekara biyar yana ginawa ba nasa ba ne, na dandalin ne. Ba zai iya kwashe taurarinsa ya kai wata kasuwa ba, kamar yadda tela kan tashi daga wannan rumfa zuwa waccan masu ɗinkinsa su bi shi. In kuma aka rufe masa shafi, wanda sau da yawa na'ura ce ke yanke hukuncin, ba shi da ƙofar da zai je ya durƙusa ya yi bayani.

An ga misalin wannan a fili cikin watan Maris na 2024. Dandalin Remotasks, mallakar wani kamfanin Amurka mai suna Scale AI, ya daɗe yana ba matasa aikin yi wa hotuna da rubuce-rubuce alama domin koyar da na'urori. Rana ɗaya ma'aikatansa na Kenya da Nijeriya da Pakistan suka wayi gari an toshe musu hanyar shiga, ƙasa sukutum, ba sanarwar wata guda, ba kuɗin sallama. Da masaƙa ce a Kakuri ta yi haka, da ƙungiyar ƙwadago ta cika titi. Nan kuwa ma'aikatan ba su ma san juna ba.

Dala mai fuska biyu

Abin da ya fi jan hankalin matasa shi ne dala. A ɗauki aikin dala 100 a Fiverr: bayan la'ada saura 80. A farkon 2023, da canjin hukuma yake wajen N460, wannan bai kai N37,000 ba. Bayan Babban Banki ya saki naira a watan Yuni na 2023, har dala ta haura N1,500 a 2024, waɗannan dala 80 sun zama N120,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 N70,000 ne. Ashe ba abin mamaki ba ne a ga malamin sakandare yana kallon tsohon ɗalibinsa da ya sayi babur daga aikin da yake yi a ɗakin uwarsa, yana tambayar kansa ko shi ne ya ɓata hanya.

Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Kwamfutar da yake aiki da ita da dala ake shigo da ita, haka batir da farantin sola. Man janareta, wanda bai kai N200 lita ba kafin a janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, ya haura N1,000 kafin ƙarshen 2024. Cikin Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Duk wannan daga aljihunsa yake fita, abin da a ofis gwamnati ce ke biya. Kuma wata ba ya kama da wata: wannan a samu aiki huɗu, mai bi masa a kwana talatin ana duban waya.

Karɓar kuɗin ma wani aiki ne. Da PayPal ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa a 2014, aikawa kaɗai ya yarda su yi, ban da karɓa, aka kuma shafe fiye da shekara goma a haka, sai dai a bi ta Payoneer da makamantansa, kowane da abin da yake yanka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tabon da 'yan damfara, masu laƙabin 419 da 'yan yahu, suka shafa wa sunan ƙasar nan, mai gaskiya ne ke biyan kuɗinsa. A waje ana ganin sunan ƙasarsa a ja da baya. A gida kuma saurayi da kwamfuta a jaka ya zama abin zargi a shingen 'yan sanda, wanda yana cikin ƙorafe-ƙorafen da suka haddasa zanga-zangar da ta kai ga rushe rundunar SARS a watan Oktoba na 2020.

Ga kuma sa'o'in aiki. Nijeriya na gaban birnin New York da sa'a biyar ko shida, tana gaban California da takwas ko tara. Lokacin da mai ba da aiki ya dawo daga cin abincin rana yana son a yi magana, nan an yi sallar isha'i ko an raba dare. Da yawa daga cikin 'yan jingar nan sun mayar da dare rana. Su yi asuba su kwanta, a yi ɗaurin aure da jana'iza a unguwa ba a gan su ba, dattawa su ce yaron wane ya zama malalaci, kullum yana ɗaki.

Kasuwar cikin gida

Masu cin dala 'yan kaɗan ne. Inda intanet ta fi shiga rayuwar jama'a shi ne cikin gidaje, ta hannun mata, kuma da naira.

Matar Bahaushe da ke cikin kulle ba yau ta fara ciniki ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta kira abin ɓoyayyen ciniki, domin ta tarar da hatsi da abinci masu yawa suna sauya hannu daga gida zuwa gida ba tare da sun taka kasuwa ba. Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano, a ƙarshen shekarun 1970, cewa ƙafar wannan ciniki yara ne: su ke ɗaukar tallan ƙuli-ƙuli da alala da ɗanwake, su ke sayo kayan haɗi, su ke kawo labarin farashi. Matar da ba ta da yaron aike, jarinta a kwance yake. Wannan na cikin dalilan da suka sa sanya 'ya mace makaranta ya yi wa iyaye mata da yawa nauyi, ko da aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta a 1976.

Yau faifan tallan ya koma fuskar WhatsApp da Instagram. Mace na zaune a ɗakinta a Rijiyar Zaki ko Tudun Wada, ta sa hoton atamfa da leshi, ko turaren wuta da humra, ko dambun nama da cincin, ƙawayenta da ƙawayen ƙawayenta su gani. Sau da yawa ma ba ta sayi kayan ba. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ne ya turo mata hotunan da farashinsa, ta ɗora ribarta. In an saya an yi mata taransifa, sai ta tura masa nasa, mai babur ya ɗauki kayan ya kai gidan mai saye, ko ya kai tasha a ba direban Maiduguri ko Sakkwato. Ita ma ta zama dillaliya, amma irin ta da, domin in kaya bai yi ba ita ake kira, ita ke ba da haƙuri, wani lokaci ita ke mayar da kuɗi daga jakarta don kada zumunci ya ɓaci.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin N200 da N500 da N1,000, shi ya tura sauran masu jan ƙafa cikin wannan ruwa. Mai shayi da mai kayan miya da tsohuwa mai ƙosai duk suka nemi lambar asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, domin in ba haka ba babu ciniki. Da kuɗin suka dawo, al'adar ba ta koma ba. Tare da ita kuma aka samu sababbin cututtuka: saƙon banki na jabu, da kayan da ke isowa ba su yi kama da hotonsu ba, da maigidan da ke ƙorafin cewa tuwo ya ƙone uwargida na amsa masu ciniki.

Sha'anin marubuta ya fi wannan ban sha'awa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a hannun irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa. Marubuci shi ke neman kuɗin ɗab'i, ya kai wa masu sayar da littattafai, su biya shi sannu a hankali in kaya ya tafi. Tsadar takarda ta durƙusar da wannan kasuwa, amma masu karatun ba su tafi ko'ina ba, sun koma waya. Marubuciyar yau, don galibinsu mata ne, da babban yatsa take rubutu. Takan saki shafukan farko kyauta a zaurukan WhatsApp, har sai labari ya kai inda kishiya ta shigo ko asiri ya kusa tonuwa, sa'an nan ta tsaya. Mai son ci gaba ta tura 'yan ɗaruruwan naira, ta aiko da hoton rasit, a shigar da ita zauren waɗanda suka biya. Babu maɗaba'a, babu mai shago, kuɗin daga hannun mai karatu zuwa hannun mai rubutu.

Farashin wannan 'yanci yana da yawa. Mutum ɗaya ya isa ya kwafi littafin ya watsa shi kyauta cikin daƙiƙa guda, wani kuma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube ya ci kuɗin talla, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Masu karatu da suka biya suna jiran sabon shafi kullum, ko marubuciyar na jego, kuma suna da bakin cewa a kashe wane a aurar da wance. Da yake babu edita a tsakani, ƙa'idar rubutu ta sha kashi: ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta faɗi, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, Turanci ya cakuɗe da Hausa. Waɗanda suka nemi mafaka a dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013, sun ga an rufe shi a ƙarshen Nuwamba na 2023.

'Yan fim ma hanyar da suka bi ke nan. Da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, sai suka koma shirya dogon zango a YouTube, kamar Izzar So da ya fara a 2020. Can ma dillalin ne ke yanka farashi, kuma tallan da aka nuna wa mai kallo a Kano bai kai kuɗin wanda aka nuna wa mai kallo a London ba.

Ranar da layi ya yanke

Manomi na duban sama, ɗan jinga na duban sandunan sabis a goshin wayarsa. Ran 3 ga Satumba, 2021, aka rufe dukkan layukan waya a Jihar Zamfara bisa roƙon gwamnatin jihar, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Aka bi da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wasu wuraren sun yi makonni, wasu watanni. Ko mene ne amfanin matakin ta fuskar tsaro, mai POS da mai sayar da kaya a waya da ɗalibi mai fassara duk sun zauna ba sana'a, wasu sai sun yi tafiya zuwa wata jiha kafin su aika saƙo guda. A shekarar nan ce kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, daga 5 ga Yuni har zuwa 13 ga Janairu, 2022.

Wani lokaci ba hannun hukuma ba ne. Ran 14 ga Maris, 2024, igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a daura da gaɓar Kwaddibuwa, sai ga bankuna a Kano sun kasa biyan kuɗi saboda abin da ya faru a ƙarƙashin ruwan da yawancin masu layin ba su taɓa gani ba. A watan Oktoba na wannan shekara kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan lantarki da ke kawo wuta daga Shiroro da kuma ta Binuwai. Masu cajin waya da janareta a bakin titi sun yi ciniki. Ma'aikacin ofis ya karɓi albashinsa cif a ƙarshen wata. Ɗan jinga kuwa, mai ba shi aiki a Toronto bai san Shiroro ba. Ya ga dai an wuce wa'adi, ya ba da tauraro ɗaya, ya nemi wani a Manila.

Harshen ma ya shiga kasuwa

Akwai wata sana'a da Bahaushe ya fi kowa dama a cikinta, ita ce Hausar kanta. Kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji da na kiwon lafiya suna neman masu fassara, masu rubuta abin da aka faɗa a faifai, da masu ɗora murya. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a ƙarshen 2013, kuma tun da aka saki ChatGPT a Nuwamba na 2022 buƙatar masu gyara wa na'ura Hausa ta ƙaru, domin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba ta iya harshe sai an ciyar da ita rubutun masu harshen. Ɗaliban sashen harsunan Nijeriya na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, waɗanda a da ake yi wa dariyar karanta Hausa a jami'a, sun wayi gari da abin sayarwa a hannu.

Amma wanda ke gyara wa na'ura kuskurenta yana koya mata aikinsa ne. Tuni masu ba da aiki da yawa suka daina neman fassara daga tushe. Na'ura ke yi, a kira mutum ya duba, a biya shi ƙasa da kuɗin fassara, ko da kuwa gyaran ya fi sabon aiki wahala. Ƙananan ayyuka na rubutu da zane, waɗanda da su sabon shiga ke tara taurarinsa na farko, su ne na'ura ta fara cinyewa.

Ma'aikaci da ɗalibi

Ma'aikacin gwamnati da ke sha'awar wannan hanya yana da abin dubawa tukuna. Jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999, inda aka shimfiɗa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. An rubuta wannan ne da tunanin mai barin ofis ya tafi shagonsa. Ba a hango wanda shagonsa ke cikin aljihun rigarsa ba, yana amsa masu ciniki a ƙarƙashin tebur fayil na jiransa. Dokar dai tana nan ba a sauya ta ba, ko da yake kowa ya san abin da albashi ke iya saye a kasuwar Dawanau.

Ɗalibai kuwa da yawa sun shiga harkar ne a yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wasu sun fito da sana'a ta gaske. Wasu sun faɗa hannun masu sayar da kwas ɗin "yadda za ka samu dala cikin mako guda", waɗanda su kansu daga sayar da kwas ɗin suke ci. Wasu kuma sun ƙarar da watanni a 2024 suna dangwalar fuskar waya a wasan Hamster Kombat da sunan haƙar kuɗi, har tsofaffi da masu gadi, da ranar rabo ta zo a watan Satumba da yawansu ba su mayar da kuɗin datarsu ba. Akwai kuma jingar da ba a faɗa a fili, wato rubuta wa wani kundin kammala digiri, wadda ke da kasuwa a gida da waje. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da niyyar horar da matasa miliyan uku a fannonin fasaha. Horo abu ne mai kyau, amma ba shi ke kawo wuta ko mai ba da aiki ba.

A wasu ƙasashe an fara kama sabon dillali a ɗora masa nauyi. Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a Fabrairu na 2021 cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu, Tarayyar Turai kuma ta zartar da doka kan aikin dandali a 2024, wadda ta ce ba za a kori mutum da hukuncin na'ura kaɗai ba sai ɗan Adam ya duba. A Nijeriya, Dokar Ƙwadago, wadda aka gada tun zamanin mulkin soja, ta san ma'aikaci da ubangidansa ne kawai. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki a Janairu na 2026, ita kam ta san ɗan jinga: N800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya haura kuwa, ko daga wace ƙasa ya shigo, shi zai lissafa da kansa ya kai wa hukumar harajin jiharsa.

Ta fuskar tsufa, Hukumar Fansho ta Ƙasa ta buɗe wa masu zaman kansu wani tsarin ajiya a 2019, inda mutum zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Abin da aka fi gani a tsakanin mata masu ciniki a waya da samarin da ke kwana gaban kwamfuta shi ne adashi. Uwar adashi ta buɗe zaure a WhatsApp, ta jera sunaye da ranar kwasar kowa, wanda ya zuba ya turo hoton rasit, wanda ya makara a kira shi, in bai ɗauka ba a aika gidansu.